Motar Nazarsho Ta Ƙi Hawa

Tun da ƙanƙara ta narke aka buɗe hanya, motar Nazarsho ta tsiro da wani hali da ya hana shi sakat. Da safe sai ta tashi lafiya lau, ta gangara gari da fasinja babu ko tari. A can ya cika tanki a kamo hanyar gida. Da zarar an wuce gadar ƙarfe an kama hawa, sai ƙarfinta ya fara zurarewa. Ya take totur har ƙasa, ta fizga, ta shaƙe, ta mutu. Fasinja su fito su zauna kan duwatsu suna kallon kogi, shi kuwa ya buɗe bonet yana zare ido. Bayan an sha iska ya murɗa makulli, ta tashi kamar ba ita ba, ta ɗan ja su gaba, ta sake mutuwa.

Tsohuwar mota ce ta zamanin Rasha, gadon ubansa, kuma ya san kukanta fiye da muryar 'ya'yansa. Ya sake filogi. Ya kwance kafireta ya wanke ta tas. Ya daina sayen mai wurin mutumin bakin kasuwa, bayan ya gama yayata shi cewa ruwa yake haɗawa. Ya koma wani wurin, ba ta sake zani ba. Usto Mirzo, bakaniken gari, ya sa sabon famfon mai, ya kuma ciro guntun tiyon da ke tsakanin famfon da kafireta ya nuna masa.

"Ka ga wannan? Ya tsage tun ba yau ba. Ya daɗe yana shanye maka mai."

Nazarsho ya karɓa ya jefar, ko duba shi bai yi ba. Bakanike ai dole ya sami abin nunawa. Shi ya san mai shan mansa, kuma ba tiyo ba ne.

Kurbonbek ne, mijin ƙanwarsa Zaragul. Katanga ɗaya ta raba gidajensu, da 'yar ƙofa a tsakani wadda ba a taɓa rufewa ba. Kurbonbek yana da babur mai akwati a gefe. A kwarinmu kuwa ba a kulle tanki. Mai na wuya, asibiti na nesa, wanda lalura ta taso wa sai ya ɗauki tiyo ya zuƙi na maƙwabci, daga baya ya faɗa. Duk wanda ya sa kwaɗo a tankinsa ya kira ƙauye ɓarayi ke nan, ba mai ƙara shan shayinsa. To, a ƙarshen sanyi Nazarsho ya lura mansa na raguwa, ba wanda ya zo ya ce uffan, ga babur ɗin Kurbonbek kullum a kan hanya. Kwaɗo ba zai sawu ba, ido zai gani. Sai ya yanko robar tsohon tif ɗin taya mai kauri, ya cusa cikin murfin tankin, ya ɗaure da babbar sifana har sai da ya yi gumi. Daga waje murfi ne kamar kullum, amma hannu ba ya buɗe shi. Sifanar tana ɓoye ƙarƙashin kujerarsa, ko a gidan mai shi ke buɗewa da kansa, ya ba mutane baya.

Ba a daɗe da yin haka ba mota ta fara ciwo. Wace shaida kuma ake nema? Mutumin ya zo ya tarar an toshe masa hanya, ya huce a kan mota. Sukari ya zuba, ko yashi, ko ruwa. Ta ina ya zuba, tunda murfi ba ya buɗuwa? Nazarsho bai tsaya ɓata lokaci a kan wannan ba. Mugu ai ba ya rasa hanya.

Abin da ya fi ci masa rai ma ba motar ba ce. Lokacin shanyar 'ya'yan itacen zardolu, Nazarsho yana can kan dutse wajen duba tumakinsa, Zaragul ta faɗo daga rufin soro ta karya ƙafa. Kurbonbek mai babur, a kan jaki ya kai ta asibiti, wuni guda suna tafiya. Kafin su isa ƙafar ta kumbura suntum, ɗori bai zauna daidai ba, har yau ɗingishi take yi. Da aka tambaye shi, wai babu mai a babur. Babu mai! Nazarsho ya haɗiye maganar, amma bai manta ba.

Sai ya shirya abinsa. Ranar kasuwa ya ɗauki Bobo Shodmon, dattijon ƙauye, ya kuma ce wa Kurbonbek ya zo su je tare. In mota ta mutu, zai zubo man tankin a gaban dattijo. In sukari ya fito, a ranar zai dawo da ƙanwarsa gidansa, ya sa a toshe ƙofar nan da dutse.

A dawowa Kurbonbek na baya, rungume da buhun gari, sai surutu yake zubawa. Da "Aka" yake kiran Nazarsho, wato Yaya.

"Aka Nazar, motar nan taka da Bobo sa'anni ne, amma wallahi Bobo ya fi ta iya hawa."

"Rufe mini baki, ɗan nema," in ji Bobo. "Ni ko gobe aka ce ga amarya a bayan dutsen can, da ƙafa zan riga ku."

Nazarsho bai yi dariya ba. Ta madubi yake kallon surukinsa. Ji yadda yake wasa da hankalin mutane. Ji yadda yake leƙen allurar mai. Aka wuce gadar ƙarfe, mota ta fizga, ta shaƙe, ta mutu a kwana ta biyu.

"Bobo, fito ka gani," in ji Nazarsho. "Yau za a san abin da ke cikin motar nan, da wanda ya sa shi."

Bobo ya dube shi, ya dubi Kurbonbek. Kurbonbek ya ajiye buhun a hankali, dariyar ta bar fuskarsa.

Nazarsho ya ciro daro daga but, ya kwanta ƙarƙashin mota ya sassauta notin gindin tanki. Tanki cike yake taf, amma sai ɗigo kaɗan suka fito, abin ya tsaya.

"Kun gani? Wani abu ya toshe shi!"

"Aka, ba zai zubo ba sai an buɗe sama," in ji Kurbonbek. "Butar shayi ma in ka danne hujin murfinta ba ta zuba." Ya je ya kama murfin, ya murɗa har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ko gezau. Ya sake shi yana yarfe hannu. "Har yanzu a cije yake."

Nazarsho ya ji kalmar nan, har yanzu, ransa ya yi fari. Ashe ya taɓa gwadawa! Ga shi ya tona kansa a gaban dattijo. Ya miƙe da sauri, ya zaro sifanar daga ƙarƙashin kujera, ya manta sam abin da fito da ita ke nufi. Ya ɗora ya danna da ƙarfi.

Murfin na sakin jiki, sai tankin ya ja iska, fuuu, dogon numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Ƙarfen ya yi ɓam ya koma daidai. A ƙasa mai ya ɓalle cikin daro, garau, har ana ganin gindin daron. Bobo ya tsoma yatsa ya murza, ya ɗaga a rana. Babu sukari, babu yashi, babu ruwa.

Kurbonbek ya karɓi murfin ya juya shi. Ya sa farce ya ɓamɓaro robar. A ƙarƙashinta ga ɗan huji kamar na allura.

"Ta nan tanki ke shaƙar iska," ya ce a hankali. "In an toshe, famfo ya ja ya ja har ya kasa." Ya dubi robar, yankan wuƙa ne, an zagaye shi daidai wa daida. Ya dubi sifanar da ke hannun Nazarsho.

"To ai ka ce har yanzu," in ji Nazarsho. Ya so maganar ta fito da ƙarfi, ba ta fito ba. "Yaushe ka taɓa min tanki?"

"Sau ɗaya, Aka. Ranar da Zaragul ta faɗi." Kurbonbek bai ɗago ba. "Babur ba ko ɗigo, masu abin hawa duk sun tafi biki, taka kaɗai ke ajiye, makulli na wurinka. Na zo da tiyo da kwalba. Na murɗa da hannu, na murɗa da tsumma, na kawo sifanun babur ba su kama ba. Ina jin ihunta ta ƙofar nan. Na ce tsatsa ce, na ce hannuna ne ba ƙarfi. Kullum na ga tana jan ƙafar nan, hannuna nake zagi."

Kunya da baƙin ciki suka rufe Nazarsho. Bobo Shodmon ya goge yatsansa a riga, ya juya ya tsura wa kogi ido.

Kurbonbek ya tsugunna ya ɗaure notin, ya mayar da man cikin tanki, ya rufe murfin da yatsu biyu. Robar kuwa ya sa a aljihunsa.

"Kada Zaragul ta ji," ya ce. "Kai kaɗai ne ɗan'uwanta."

Ya shiga baya ya ɗora buhunsa a cinya. Nazarsho ya murɗa makulli. Motar ta tashi, ta kama hawa da ƙarfin da ya manta tana da shi, kwana bayan kwana, ba tari ba fizga. Karo na farko tun narkewar ƙanƙara, ya yi fatan ta mutu a hanya.

Ba ta mutu ba. Suna shiga ƙauye ya hango Zaragul ta fito ta 'yar ƙofar tsakani, da gurasa mai zafi naɗe a mayafi za ta kai gidansa, tana jan ƙafa. Da ta ga sun iso da wuri sai ta ɗaga musu hannu tana dariya.