Ihun Mai Tsaron Gida

Tun daga bakin ƙofar situdiyo Hisae ta san an yi da ita. Kujerar tsakiya ta jarumin fim ce, amma wata yarinya ce zaune a kai.

Tun Hisae tana budurwa ita ke yin muryar Dangoro, ɗan mutum-mutumin ƙarfen nan mai tsaron gida a wasan ƙwallo, fim ɗin zanen da duk yaran Tokyo suka tashi da shi. Da za a sabunta shi aka kira ta, ta yi ta shan zuma da citta tana gyaran murya.

Darakta Tokumaru ya rusuna mata, irin rusunawar da ba ta zuwa da alheri.

"Uwar ɗakina, mun ware miki matsayi na musamman. Kakar Dangoro."

"Ƙarfen ma yanzu kaka gare shi?"

"Tsohuwar da ke shafa masa mai ce. Maganarta kaɗan, amma da nauyi."

"Tokumaru, kai da a da kake kawo mana shayi kana ɓarar da rabi?"

Ya sunkuyar da kai. "Muryar ce, Anti. Ta dushe. Masu fim ɗin sun saurara."

Aka fara ɗauka. Yarinyar, Rino, ta iya, abin haushin ke nan. Sai da aka zo inda Dangoro ke tare fanareti ya kwarma ihunsa, "Ba ta wucewa", nan ta cije. Ta yi, ta sake, darakta yana girgiza kai a bayan gilashi. Hisae ta ga damarta ta zo. Ta gyara zama inda zai gan ta da kyau. Bai ko kalle ta ba. Ta ji ya ce wa mataimakinsa a nemo lambar wata yarinyar daban.

Da aka tafi hutu Rino ta biyo ta banɗaki, ido jajir.

"Anti, ki rufa min asiri. Da muryarki na girma. Yaya ake yin ihun nan?"

Hisae ta dube ta ta madubi. Akwai hanyar da ake ɗauko ihun daga ciki, maƙogwaro bai san an yi ba. Likita ne ya nuna mata, bayan an yi mata aiki a wuya, lokacin da ba sauran abin ceto. Akwai kuma hanyar da ita ta bi, wadda ta cinye mata murya.

"Matse wuyanki, 'yar nan. Ki turo shi ta nan, har ki ji yana kartar ki."

Rino ta koma gaban makirfo ta saki ihun. Tokumaru ya miƙe tsaye yana tafi, har kujerarsa ta kife.

Yarinyar ta dawo tana tari, hannu a wuya, tana murmushi.

"Anti, kamar na haɗiyi allura."

"Haka yake da farko," in ji Hisae. "Tashi, zai so ki sake."