Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

…kuma ni na tambayi kwamfutar, ai ita ba ta da ƙeta. Jadawali biyu shugaban ofis ya ba ni: na mutanen da aka tasa lokacin da ruwan Tiga ya cinye garuruwanmu, da na masu riƙe da filayen noman rani yanzu. "Surajo, fito mini da duk wanda yake cikin na biyun amma babu shi a na farko. 'Yan kutse ne, za a karɓe filayen." Na buga umarnin har ina hura hanci, wai ni gwani—

Ladan Wada. Ga shi nan a kan allo. Yayana. Ɗan kutse?

Isa Wada yake a jadawalin farko, haka Baba ya bayar. Na biyun ke kika je, Inna, bayan rasuwar Baba. Ma'aikaci ya ce sunan mai fili? Me za ki ce masa? Ɗan farinki ne, bakinki bai taɓa furta sunansa na yanka ba. Kika sunkuyar da kai, kika ce Ladan, kamar yadda kowa ke kiransa.

Ranar da aka tashe mu, ruwa yana taɓa gindin tsamiyarmu, kina ɗaure tukwane, "ku kira mini wancan"… wancan. Ranar da masunta suka tsamo gawarsa daga dam ɗin Tiga, raga naɗe a ƙafarsa, ko a ranar ba ki faɗi sunan ba. Kallon bango kawai kika yi. Na ji haushinki a lokacin, wallahi na ji.

Filin nan shi ke ciyar da matarsa Suwaiba da marayunsa. Albasarta ta fara kai. A karɓe, su ci me?

Wai akwai gyara: wanda ya yi rajistar ya zo gaban kwamiti ya faɗi sunan gaskiya da bakinsa. Da bakinki, Inna. A gaban maza. Ni zan ɗauko ki daga Bebeji in ce faɗi? Abin da mutuwarsa ma ba ta fitar daga bakinki ba?

Ko in goge Ladan in sa Isa. Wa zai gani? Ba ƙarya ba ce ma, mutum ɗaya ne…

Bari in duba sauran tukuna. Ɗanjuma Inusa. Ɗantani. Uba. Wani Uban kuma. Ina gangarawa, ina gangarawa—duk laƙabi, da kyar nake ganin sunan yanka. Innalillahi. Mata nawa ne suka tsaya gaban ma'aikacin nan suka kasa faɗin sunan ɗan fari, ko na miji?

Namu na san sunansa. Su fa, wa ya san nasu?

Takun shugaba ne a baranda, takardar ya zo karɓa. Yatsana yana kan Ladan… Na gaji, Inna. Ko ni ma na kasa rubuta sunan nasa na yanka.