Kwamfutar Haulatu

"Wa ya taɓa kwamfutar nan?" na tambaya, ina durƙushe a gefen katifar Baba Dabo.

Inna Shatu, matarsa, ta ci gaba da yi masa fifita. Munzali, babban ɗansa, yana jingine a bakin ƙofa yana latsa waya kamar ba da shi ake ba.

Baba Dabo Maiturare maƙwabcinmu ne a nan Daura, katanga ce kawai tsakaninmu. Tun ina yarinya, in na gifta ta zaurensa sai ya ɗiga mini turare a bayan hannu. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi, har asibiti suka ce a mayar da shi gida. Abu ɗaya ya rage masa a rai: ya ga jaririn da autarsa Haulatu ta haifa a Masar, wanda aka sa wa sunansa. An nuna masa a waya, amma yanar ido ta hana, ya ce shi haske kawai yake gani. Sai ya tuna da kwamfutar da Haulatu ta bari, mai faɗin fuska, wadda a da suke gaisawa ta cikinta. Ni aka kira, tunda buga takardu nake yi a ofis.

Ta kunnu lafiya, amma ta ƙi ganin intanet. Na leƙa inda take jera kayan cikinta, sai ga alama rawaya a gefen katin netwok, mai haɗa ta da intanet, wato ba ta san shi ba. Hotunan Haulatu ma babu ko ɗaya. An wanke ta tas.

"Munzali, kai ka kai aka wanke ta."

"Nauyi take yi," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Kuma ajiye take, na ce bari in riƙa amfani da ita."

"Mahaifinka na numfashi ka fara rabon gado?"

"Lami, ki iya bakinki."

Mai gyaran da ya kai wa ya zuba mata sabon tsari, ya ƙi sa direba, ɗan shirin da ke sa kwamfuta ta gane katin. Direban kuwa a intanet ake sauko da shi, ita kuma ba ta da hanyar shiga. Na jona wayata, ashe igiyar ta caji ce kawai, ba ta ɗaukar komai.

"Lami," Baba ya ce da ƙyar, "takwaran nawa ya zo?"

"Saura kaɗan, Baba."

Na roƙi Munzali ya kai ni shagon kwamfuta a babur ɗinsa. Ya ce ba zai bar masu dubiya ba. Mutane biyu ne fa a zaure, suna ta hirar farashin gero. Na ɗauki hoton lambar katin, na figi mayafi na tari Napep. A shagon aka sauko mini da direban a filas, ɗan abin ajiyar bayanai da ake soka wa kwamfuta, na juyo ana kiran la'asar.

Na zauna na ba katifar baya, na soka filas ɗin. Layin da ke nuna ci gaban aikin ya riƙa jan jiki kamar ya san sauri nake. Da ya cika, ta ce sai an kashe ta an kunna. Na kashe, na kunna, ina tsine wa mai gyaran a zuci. Alamar rawayar ta ɓace. Ta ga wayata ba tare da igiya ba, ta kama intanet daga gare ta. Na sauko da manhajar kira, na danna sunan Haulatu.

"Baba, ga shi nan," na ce, na juya kwamfutar wajen katifa.

Mafici na ƙasa. Inna Shatu ta ɗora tafinta a kan idanun Baba ta rufe su, leɓenta na motsi. Munzali ya sulale ya zauna a dokin ƙofa. Na san rai na Allah ne, lokaci kuma ba ya jira, amma har yau ban iya kallon fuskar Munzali ba tare da zuciyata ta tafasa ba.

Kafin hannuna ya kai in katse kiran, Haulatu ta ɗauka. Tana dariya, ta ɗago jaririn ta matso da shi har fuskarsa ta cika gilashin.

"Baba, ga takwaranka. Kana ganinsa?"

Jaririn ya yi hamma, ya dunƙule hannu a gefen kunnensa, hasken fuskarsa na sauka a kan farin gemun Baba.