Kwat ɗin Petulo

Shekara arba'in Petulo Chimwaza yana kaɗa ƙararrawa yana sharar coci, a ƙauyensu na gindin dutsen Dedza. Abin kirkin da ya mallaka kwat ɗaya ne, baƙi, wanda ya dawo da shi daga aikin ma'adinai a birnin Joni, can kudu. A sanyin watan Yuni na ƙasarsu kuwa, tsohon da ba shi da kwat, sai dai a fara haƙa masa kabari.

Wata Lahadi Nabanda mai gyaɗa ta goge shi a cunkoson ƙofa, marurun kafaɗarta ya fashe, ta samu sauƙi. Kafin tsakar rana gari ya ɗauka: Petulo waliyyi ne. Kowa kuma ya san ƙyallen waliyyi magani ne. Yana durƙushe yana addu'a, sai ya ji ƙaras ɗin almakashi a bayansa. Cikin mako biyu aljihun kwat ɗin ya tafi, hannunsa na hagu ya bi shi.

Ya kai kuka wurin Fada, limamin cocin.

Fada ya tara jama'a ya ce, "Ba a kiran mutum waliyyi sai ya mutu, Roma ta bincika."

Gyaran gangar auzinawa! Daga ranar gaisuwa ta canja.

"Baba, yaya tarin nan?"

"Na warke."

"Ayya," in ji mai gaisuwar, ransa a ɓace.

Yankan ma ƙaruwa ya yi, don an ce in ya mutu bishop zai ɗauke kwat ɗin.

Petulo ya ce bari ya ɓata sunansa. Ya sha barasa a kasuwa, ya zagi akuyar mai gari har kakanninta. Mutane suka ce, "Dubi tawali'u, ɓoye kansa yake."

Matarsa Nambewe ta tare su a ƙofa da muciya. "Wannan ne waliyyin? Mai minsharin nan? Tun da na aure shi bai taɓa cewa tuwo ya yi daɗi ba!"

Suka dubi juna. "Kuma kin zauna, Mama? Ashe ke ce waliyyiyar." Ta shiga ɗaki da gudu, an riga an yanke gefen zanenta.

Fada ya fusata. Ran Lahadi ya buga teburi ya ce, "A Littafi, duk mai bi da aka yi wa baftisma ana kiransa tsarkakakke, wato waliyyi. Duk ku! Ku rabu da tsohon nan!"

Coci ya yi tsit. Can sai ƙaras daga bencin mata. Ƙaras, ƙaras. Kowa ya juya kan na kusa da shi. Fada kansa ya fita da rigar da ba ta kai gwiwa ba.

In ana rabon hauka, mai tsintsiya ke cin riba. Petulo ya share coci kamar kullum, ya kai wa Nambewe buhu guda na ƙyallaye. Kwana uku tana ɗinki tana mita. Kwat ya fito kala talatin, ya fi na da kauri.

Ba wanda ya sake kai masa almakashi. Wa ya sani, ko ya yanko gindin wandon maƙwabcinsa, wanda ya san halinsa sarai.