Wa Zai Riƙe wa Bappa Tsani?

Kun ga hoton. Kada ku ce ba ku gani ba, don ya zagaya wayoyin Jimeta har ya gaji: tsoho cikin babbar riga ruwan toka, yana riƙe da allon karramawa, samari masu tumbi sun kewaye shi suna washe baki. Kun danna alamar zuciya, kun rubuta addu'a, kun wuce. Wasunku ma kuna cikin zauren otal ɗin ranar. Kun ga yadda ya fara riƙe allon a juye, kan rubutun yana kallon ƙasa, ya ƙura masa ido yana gyaɗa kai kamar mai karantawa. Kun gani sarai, sai kowa ya tuna yana da shinkafa a faranti.

Edna ce kaɗai cokalinta ya tsaya.

Tsohon shi ne Bappa Badamasi, mai aikin wutar lantarki a unguwar Dubeli, kuma duk wanda ke zauren nan ta hannunsa ya bi. Shekarar da Mubi ta faɗi hannun 'yan bindiga, Edna, 'yar Michika, tana karatun lantarki a can. Ta gudo da ƙafa, ta ƙarasa a bayan motar shanu, ta tsallako gadar Jimeta da silifas ɗaya nata, ɗaya na wata mata da ba ta sake gani ba. A lokacin duk wanda ya fito daga wancan ɓangaren, tambaya ɗaya masu gidajen haya ke yi masa: wa ya san ka? In babu, a rufe ƙofa. Bappa ya san mutane da yawa a shekarar nan, har da waɗanda bai taɓa gani ba sai ranar. Ya tsaya musu a wurin mai unguwa, ya koya musu aiki, ya riƙa cusa su a tsohuwar motarsa yana kai su gaban 'yan kwangila yana cewa, "Ga ɗana, ya fi ni hannu."

Edna kuwa da faɗa suka fara. Ya same ta zaune a inuwar shagonsa, ya tura mata kwanon abinci, ta turo masa abinsa. Ta gaji da layin rabon kaya, inda sai ka ɗaga buhu ka yi murmushi an ɗauke ka hoto kafin a sake ka.

"Ni ba bara na zo ba," ta ce.

"To, ranki ya daɗe, 'yar sarkin Michika," in ji shi. "Tashi ki riƙe min tsani. A shagon nan ba a hawa sai da mai riƙo."

Ta riƙe. Da ya sauko ya sake turo kwanon. "Wanda ya riƙe tsani ya yi aiki. Wannan ba sadaka ba ce, ci abinki."

Ta ci tana kuka, ya yi kamar bai gani ba. Yau Edna tana da shagonta na sola a Nassarawo, kuma har yanzu ba ta barin kowa ya hau tsani shi kaɗai.

Shi ya sa da ta ga Abdurra'uf ya matso da dariya, ya zare allon daga hannun Bappa, ya juya shi daidai, ya mayar masa, ya ce wa mai hoto a sake, sai ta ajiye cokalin ta miƙe. Abdurra'uf shi ne babban ɗalibin Bappa, yanzu yana da kamfani da mota mai sanyi, shi ya shirya taron. Ta tare shi a bakin ƙofa yana raba katinsa ga baƙi.

"Hamma, yayana, ka ga abin da na gani?"

"Edna, rage murya."

"Mutumin nan ba ya gani!"

"Na sani. Kowa ya sani." Ya ja ta gefe. "Tun bara yake kirana da sunan Harrison, wani ɗalibinsa, sai na yi magana. Me kike so mu yi? Mu kunyata shi a gaban jama'a? Babba ne. Akwai abin da ba a faɗa wa babba."

"Shi ya sa kuka saya masa abin karantawa?"

"Ke matsalarki zafin kai. Mun karrama shi, ya ji daɗi."

"Kun karrama kanku. Ka duba katin da ke hannunka. Taron neman kwangila ka haɗa, ka ajiye tsoho a tsakiya kamar tukunyar fure."

Fuskarsa ta canza, amma wani Alhaji ya miƙo masa hannu, sai murmushin ya dawo da gudu. Edna ta bar shi ta nufi babban teburi, inda Dakta Apollos ke goge baki. Likitan ido ne, shi ma ɗan gudun hijira ne a da, Bappa ne ya samo masa ɗakin da ya fara duba marasa lafiya, ya ja masa wuta da hannunsa.

"Dakta, kai ma shinkafa ce ta rufe maka ido?"

Ya ajiye tsumman a hankali. "Yanar ido ce, Edna. Daga nan ina hango ta, fara fat a idanun biyu. Aiki ne na ɗan lokaci, ina yin irinsa kullum. Na yi masa magana, ya ce hayaƙin janareta ne, ya kashe waya."

"Sau nawa ka yi masa?"

Dakta ya mayar da ido kan farantinsa.

"Sau ɗaya," ta ce. "Shi sau nawa ya koma wurin mai gidan hayar kafin a ba ka ɗaki?"

"Ba zan ɗaure shi in kawo shi ba. Ki kawo shi, ko yaushe ne, zan ajiye komai."

Ta juya ta dubi Bappa. Yana zaune da allon a cinya, yana shafa gefensa da yatsa, yana amsa gaisuwa da "ɗana, ɗana" don kada ya kuskure suna. Abin da ya fi tayar mata da hankali ba idon ba ne. Ta san har gobe yana karɓar aiki.

Washegari da hantsi ta hau keke ta sauka Dubeli. Shagon a buɗe, babu shi. Mai shayi ya nuna mata lungu da baki. A can ta same shi, a bangon wani mai injin markaɗe, ya hau tsanin ƙarfe har kusa da ƙarshe, hannuwansa cikin wayoyi, fuskarsa kuma tana kallon wani wuri daban. Ƙafar tsanin ɗaya tana kan murfin kwata da ya tsage. Mai injin yana ciki yana hira da mata masu jiran markaɗe. Mutane suna wucewa suna cewa, "Sannu da aiki, Bappa," yana amsawa.

Edna ba ta yi sallama ba. Ta kama tsanin da hannu biyu, ta danne matakin ƙasa da ƙafa.

Ya tsaya cak. "Edna."

"Ka gan ni ne?"

"Ke kaɗai ke taka tsani kamar kina kashe kunama. Me ya kawo ki? Ba ki da aiki?"

"Bappa, wayar da ke hannunka ta dama, wane launi ce?"

"Yau kuma jarrabawa za ki yi min?"

"Wane launi ce?"

Ya murza ta tsakanin yatsu. "Baƙa."

"Ja ce."

Injin markaɗe ba ya aiki, don haka ta ji numfashinsa daga sama.

"Ai babu wuta," ya ce.

"In suka kawo fa? Suna yi maka waya kafin su kawo? Sauko."

"Ke, ni kike ba umarni? Ina wannan aiki tun uwarki tana tallan gyaɗa."

"Uwata ba ta taɓa hawa tsani ba mai riƙo ba. Sauko mu je wurin Apollos, yana jira."

"Ba inda za ni." Muryarsa ta yi ƙasa, don kada matan su ji. "Ranar da aka ga ana ja na a titin Dubeli kamar akuya, ranar aikina ya ƙare. Wa zai ba makaho wuta? Kuma ku ji da kyau, ke da Apollos da Abdurra'uf: ban taimake ku don ku rama min ba. Don Allah na yi. An wuce wurin."

Nan ne abin da ta haɗiye tun jiya ya fashe.

"Don Allah ka yi? To mu fa, don wa za mu yi? Ko lada taka ce kai kaɗai, ka kulle ta a shago? Wannan rowa ce, Bappa, wallahi rowa ce!"

"Edna!"

"Ba zan yi shiru ba. Jiya duk sun yi maka shiru, ga inda shirun ya kawo ka, kan murfin kwata. Ka tuna abin da ka ce min ranar da na zo? Ka ce ba sadaka ba ce. Ka ce kowa a shagon nan yana hawa, kowa yana riƙo. Na yarda da kai, shi ya sa na ci abincin nan. In yau ka ce kai ba a riƙe maka, to ƙarya ka yi min. Sadaka ka ba ni, ni kuma 'yar bara ce, har yau ina kan layi da kwano, kai kana sama kana rabo. Faɗa min haka ne, in saki tsanin nan in tafi, ba za ka sake jin muryata ba."

Matan markaɗe sun fito bakin ƙofa. Mai injin ya buɗe baki zai ce wani abu, ta watsa masa kallon da ya sa ya rufe. Edna ba ta san abin da za ta yi ba in Bappa ya ce haka ne. Sakin tsanin dai ba za ta iya ba.

Bappa ya saki jar wayar. Ƙafarsa ta sauko tana laluben mataki, ta rasa, ta sake nema.

"Ƙasa kaɗan," in ji Edna. "Yauwa. Saura."

Da ya taka ƙasa sai ta ga idanun kusa da kusa, fari ya lulluɓe baƙin kamar an ɗiga nono a ruwa. Ya ɗaga hannu, ya sami kafaɗarta, ya kama.

"Bakinki bai canza ba," ya ce. "Ki yi tafiya a hankali, ki sunkuyar da kai. Mutane su ɗauka faɗa nake miki."

"Ai faɗan kake yi."

Da ɗaya hannun ta kira Dakta Apollos ta ce suna hanya. Sannan ta kira Abdurra'uf, ko gaisuwa babu. "Hamma, kawo motar nan taka mai sanyi Dubeli yanzu. In ka sauke mu ka dawo ka ƙarasa aikin mai markaɗe, Bappa ya karɓa. Ka zo da mai riƙe maka tsani." Ya fara cewa yana da ganawa da wasu baƙi, ta miƙa wa Bappa wayar. Tsohon ya ce, kamar kalmar tana da ƙaya, "Ɗana, zo ka ɗauke ni." Abdurra'uf ya zo.

An fara da idon dama. Ranar da aka cire bandeji, Bappa ya dubi Edna ya ce ta tsufa, ya dubi Abdurra'uf ya ce tumbin ya wuce yadda ake faɗa. Da ya koma gida ya sa aka miƙo masa allon karramawar, ya riƙe shi daidai, ya karanta da kansa. An rubuta Badamsi. Zaure guda na masu ido, babu wanda ya lura.

Ya yi dariya har da hawaye. Edna ba ta yi ba, ni ma ban ga abin dariya ba. Mutumin nan ya yi shekara yana hawa tsani a makance a tsakiyar Dubeli, a gaban waɗanda ya ɗora a kan ƙafafunsu, suna kiran shirunsu kunya da ladabi. Da an kawo wuta ranar, da kun rubuta masa ta'aziyya mai tsawo, da kun sa wannan hoton dai.

Kowannenku yana da wanda ya tsaya masa lokacin da ba wanda ya san shi. Malamar da ta kira sunanki a inda ake rabon aiki, ogan da ya ce "ɗana ne" alhali bai haɗa komai da kai ba. Ka ajiye wayar nan. Ka tashi yau ka je ƙofarsa da ƙafarka, ka zauna kusa, ka dube shi cikin ido, ka ga abin da yake ɓoyewa. Zai ce lafiya lau, zai kore ka. Kada ka tafi. Kama tsanin, ka riƙe har sai ya sauko.