Tsarabar Gwaggo Abida

Mutala ya diro daga kan lodin doya a Yendi, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Aka yi masa aiki. Likita Zakiya, wadda ke duba shi, ta ce irin wannan gwiwa takan jawo amosanin gaɓɓai tun mutum bai tsufa ba. A asibitinsu suna gwada wani maganin ciwon sukari ko zai hana. Wasu za su sha na gaske, wasu ƙwayar da ba komai a ciki, kuma ko ita ba ta san wanda ke shan wanne ba. Sharaɗi ɗaya: ya sha da kansa, in ba haka ba a cire sunansa. Shi kuwa direba ne, kuma direban da gwiwa ta ƙi ya bar mota ke nan. Ya yarda.

Da ya fara takawa sai ya je Salaga gaida Gwaggo Abida, ƙanwar babansa. Garin sauri bai riƙo tsaraba ba. Yana lalube a jaka don kunya, kwalbar maganin ta faɗo. Ta tambayi ko mene ne, ya ce maganin sukari.

Gwaggo ta daɗe da ciwon. Ta ɗauka, ta sa masa albarka, ta kira maƙwabta su ga ɗan da ya tuna da ita tun daga Bawku, inda yake zaune. Kwalba ta shige ƙugun zane.

Ba a karɓe tsaraba daga hannun babba. Mutala ya ci tuwo, ya yabi miya, ya yi zancen tsadar albasa. Har ya ce ƙwayar tana da ɗaci. Ta ce maganin kirki ke nan. Sai da ta ce gobe za ta ajiye nata na asibiti ya daina kewaye-kewaye.

"Gwaggo, wataƙila gari ne kawai a ciki."

"Gari?"

"Ko likitar ba ta sani ba."

Ta dube shi, ta dubi gwiwar. Ta ce ita jikar fataken goro ce, ba a taɓa sayar wa gidansu kaya a rufe ba. Ta kwance zane ta miƙo masa kwalbar da yatsu biyu.

"Sha garinka, ɗan nan. In ka dawo, buhun albasa. A buɗe."

Ya haɗiye ta ranar a gabanta, da ruwan randarta.