Hoton Ƙirji

Tun ranar da manaja ya ce motar asibiti za ta shigo kamfaninmu na san ba zan wanye lafiya ba. Sabuwar dokar ƙwadago ce ta zo da abin: duk mai aiki cikin ƙura sai an ɗauki hoton ƙirjinsa, wanda aka samu da matsala a janye shi daga bakin inji, a yi masa magani, kuma ba a yarda a kore shi ba. Kowa ya yi murna. Ni kuwa ban yi ba, don na daɗe ina tari, ina ɓoye shi cikin ƙarar injin niƙa dutse.

"Kai, daina zare ido," in ji Dogo, abokin aikina. "Madara za ka yi ta ɗirka har ranar. Ita ke wanke ƙura daga huhu. Hoton zai fito fes kamar sabon faranti."

Haka muka tarar manyanmu suna yi, don haka ban yi musu ba. Kullum da safe sai in dama madara kofi guda in shanye a tsaye. Auta, 'yata mai karatun jinya, wadda ita kaɗai ta rage mini a gida tun rasuwar uwarta, ta kama ni.

"Baba, jariri muka samu ne a gidan nan?"

Na ce cikina ne ke zafi. Ta dube ni, ta ɗauki jakarta ta fita.

Ranar da motar ta zo, bayan an gama da kowa, likita ya sa aka kira ni ni kaɗai.

"Malam, tun yaushe kake tari?"

"Ranka ya daɗe, ai na sha madara."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Madara ciki take zuwa. Ƙura kuma huhu." Ya nuna mini wani hazo a hoton, ya ce sai an sake gwaji a babban asibiti.

Washegari aka mayar da ni sito, ina miƙa wa ma'aikata takunkumi da hular kwano ta wata 'yar taga. Kujera ɗaya, fanka ɗaya. Babu ƙarar da zan ɓuya a cikinta, tarina kaɗai nake ji yana dukan bango. Lokacin cin abinci nakan hango abokan aikina a inuwar tifa suna wasa da dariya. Sukan ɗago mini hannu, amma ba mai ƙarasowa. Dogo da bai taɓa sa takunkumi ba, yanzu sai ya ɗaura shi kafin ya iso tagar.

"Sannu da hutawa, babban mutum," ya ce, yana ja da baya.

Manaja ya ce doka ta hana a sallame ni saboda ciwo. Ya kuma ce sito ba ya ɗaukar mutum biyu, mai kula da siton kuwa hutu ya tafi, zai dawo.

Auta saura mata shekara guda ta gama karatu. Idan an tashi daga aiki nakan tsaya bayan tarin tsakuwa in shafa ƙura a wandona da takalmina, don kar ta ga na dawo tsaf ta tambaya.

An yi gwajin na biyu, sakamako bai fito ba. Ban san abin da ke ƙirjina ba, ban kuma san inda za a ajiye ni in mai sito ya dawo ba.